Hanyar da ta ci Buba, da wayar da na saya wa 'yarsa

Shekara goma ke nan da rasuwar ƙanena Buba. Ni nake ƙirgawa, sauran dangi sai na tuna musu. Malamin firamare ne a Wuro Hausa, unguwar da aka haife mu. Ya yi aure, ya haifi 'ya ɗaya, Dudu, sannan ya ce takardar malanta ba ta ishe shi ba, sai ya yi digiri. Ya shiga karatun hutu a wata jami'a da ke arewacin jihar nan. Da an sallami yara, shi kuma sai ya ɗauki jakarsa ya nufi tasha.

Duk wanda ya zauna a Yola a shekarun tashin hankali ya san abin da ya sami garuruwan arewa. Mun ga mutane sun shigo Jimeta a ƙafa, ƙafafu a kumbure, ɗalibai a cikinsu. Da abin ya lafa, aka ce hanya ta buɗe. Abu ɗaya ya rage wa Buba: malamin da ke duba kundin bincikensa ya karanta babi na ƙarshe, ya sa hannu. Na ce ya ba direba ya kai. Ya ce, "Adda, takarda za ta je, amma ba za ta tambayi malam dalilin da ya sa ya soke layi ba." Ya je lafiya, aka sa masa hannu. A hanyar dawowa aka tare motarsu. Sauran ba zan rubuta ba.

Mahaifiyar Dudu ta sake aure a wani gari, yarinyar ta dawo hannuna tana da shekara tara. Tun ranar na ƙudurta a raina cewa karatu ba zai sake ɗora wani nawa a kan hanya ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya. Da ta gama sakandare na ji labarin karatun jami'a daga gida, malami yana magana ta bidiyo, darasi yana zuwa ta saƙon waya. Na saya mata waya mai kyau, na sa ta a cikin shirin. Ban tambaye ta ko tana so ba.

Ni tela ce, sakandare kawai na gama. Idan muryar malami ta fito daga ɗakin Dudu da Turancin da ban cika ganewa ba, sai in rage gudun keken ɗinki, in ce wa masu kawo ɗinki su sassauta murya, ana lakca. Nakan ce a raina, da wannan abin ya zo da wuri, da Buba yana nan. Shekara biyu ina jin muryar nan, ina ɗauka karatu ne yake shiga.

Wata rana na kai ɗinki unguwar Adarawo, na dawo da wuri. Muryar malami tana tashi kamar kullum. Na leƙa ɗakin, ban ga Dudu ba. Ƙawarta Rifkatu ce, 'yar wani ma'aikacin gwamnati da ke unguwar Ajiya, zaune a kan tabarma, waya huɗu jere a gabanta. Malam yana kiran suna. Ya kira Dudu, Rifkatu ta ɗauki wayar Dudu ta rubuta cewa tana nan. Ya kira wata, ta ɗauki wata wayar. Ita Dudu tana bayan gida tana wanki. Ashe karɓa-karɓa suke yi: yau wannan ce mai gadin wayoyi, gobe waccan, sauran kowa ya kama gabansa.

Rifkatu ba ta ɓoye komai ba. Ta ce, "Mama, kowa haka yake yi. Malami ɗaya ma a cikin mota yake koya mana, hon ɗin Keke Napep ya fi muryansa ƙarfi."

Ban yi faɗa ba. Na fara tambayar ɗaliban da suke kawo mini ɗinki. Wata mai goyo ta ce ba don wayar ba da ta haƙura da karatu, tana shayarwa tana saurare. Wani ma'aikaci ya ce yana son saƙon murya domin yana iya maimaita shi sau biyar. Ban ƙaryata su ba. Amma yawancinsu, musamman ƙanana, da gajiya suke ba da labarin. Hoto ya daskare malam baki buɗe, kafin sabis ya dawo ya wuce shafi uku. Wuta ta ɗauke, caji ya ƙare a tsakiyar darasi. Ka rubuta tambaya a guruf ɗin 'yan aji na waya, kafin malam ya leƙo gaisuwar Juma'a da sanarwar biki da tallan takalma sun binne ta. Wani yaro ya ce mini ya ci jarrabawar darasin da bai san ko namiji ne ya koyar da shi ko mace ba. Yana faɗa yana dariya, amma idonsa ba na dariya ba ne.

Dudu ta bari har na gama yawon tambayata, sannan ta zauna kusa da keken ɗinki. Ta ce, "Goggo, shekara biyu ban yi tambaya ɗaya an amsa mini ba. Sunana ne yake jami'a, ni ina gida." Sai ta miƙo mini takarda. Ta nemi gurbi a ɓoye, an ba ta, za ta koma aji ɗaya. A jami'ar da ubanta ya yi ne. Ta ce idan na ce a'a ba za ta je ba.

Kwana da kwanaki ina neman yadda zan sa Buba ya tsaya a ɓangarena. Mutum ne mai son sabon abu, na san da ya ga malami a cikin tafin hannu da ya yini yana jujjuya wayar. Amma shi ne wanda idan yana kiran suna a aji sai ya ɗaga kai ya ga fuskar yaro kafin ya sa alama. Da ya ga waya huɗu a gaban yarinya ɗaya, na san abin da zai ce, kuma ba Rifkatu zai faɗa wa ba. Ni zai kalla. Na tsare masa 'ya daga hanya, na kuma tsare ta daga abin da ya bi hanyar dominsa.

Ana ce mini hanya ta yi lafiya yanzu, motoci suna zuwa suna dawowa kullum. Ina jin su. Wancan karon ma haka aka ce.

Idan na auna abin da ya saura na Buba, ba shi da yawa. Digirin bai fito ba. Kundin da aka sa wa hannu ba a same shi ba. Yaran da ya koyar sun girma, wasu suna gaishe ni a kasuwa, wasu sun manta. Abin da ya saura da ransa shi ne wannan ƙishirwar ta zama gaban malami a buɗe baki a tambaya, tana nan a jikin Dudu ba ta rage ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma masu karin maganar ba su faɗi inda gudun yake kaiwa ba. Gadon da ya bar mata shi ne abin da ya raba ni da shi.

Na ce ta je. Ranar Asabar za ta tafi. Sharaɗi ɗaya na sa, ta kira ni a Girei, ta kira a Song, ta kira a Gombi, duk garin da mota ta tsaya. Ta ce to. Sannan ta ce, "Goggo, akwai wuraren da sabis yake ɗaukewa. Idan kin kira ba ki same ni ba, kada ki fara kuka."

Ban yi mata alkawari ba.