Takobin da Manaja Ya Daɗe Yana So

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, goma sha ɗaya ga watan Yuni, Allah Ya karɓi ran wadda muke kira Uwar Gimbiyoyi a ofishinmu, bayan gajeriyar jinya. Ita ta ƙirƙiro wasan bidiyon ƙananan yara da kamfaninmu ke tinƙaho da shi, ni kuma nake zana mata hotunansa. Yaya, Uwar Gimbiyoyi, da ke zan yi magana, don sauran 'yan ofis ba su kai in ɓata yawuna a kansu ba.

A wasanki babu duka, babu kisa, babu wanda ya ci wani. Gimbiyoyi biyu ne, kowace da yarinyar da ke tuƙa ta, kuma gadar kogi ba ta sauka sai sun danna tare. Dodon da ke cikin kogo ma ba mugu ba ne, ciwon haƙori ke sa shi gurnani. Ɗaya ta riƙe masa fitila, ɗaya ta cire haƙorin, ya yi godiya ya ba su hanya.

Ba na manta ranakun gwaji. Iyaye su kawo yara, ki cire takalmi ki zauna a ƙasa, ki juya wa allon baya, fuskokinsu kawai kike kallo. Idan wata ta fizge abin dannawa daga hannun ƙanwarta, ba ki taɓa yi mata faɗa ba. Sai ki ce laifinmu ne, mu koma mu gyara wurin.

Shi kuwa Manaja, wanda bai taɓa zama da yaro ba sai in za a ɗauki hoto, kullum zancensa ɗaya: wasan ba shi da armashi, a ba gimbiya takobi, a sa maki. Wata rana kika amsa masa a gaban kowa: “Ranka ya daɗe, wadda aka ci, wa zai rarrashe ta? Kai?” Daga ranar bai sake ɗaga maganar ba, amma ashe ajiye ta ya yi.

Ya zo zaman makokinki yana zuba ƙamshin turare, da mai ɗaukar hoto a bayansa. Ya matse ido har ya gaji, hawaye suka ƙi ba shi haɗin kai. Ko kwana bakwai ba ki yi ba ya tara mu, ya ce za a karrama ki da sabuwar fitowar wasan mai ɗauke da sunanki, a ciki gimbiyoyin za su sare kan dodon. Waɗanda kika koya wa aiki da hannunki suka tafa masa. Na ji kunya ta kama ni a madadinsu.

Sai ya juyo gare ni, ya ce in fara zana takobin. Na ce ya nemi wani, na ajiye masa katin shiga ofis a kan tebur. Ban san inda zan samu wani aikin ba, Yaya, kuma ina jin tsoro, amma ba da hannuna ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki da mahaifiyarki da 'ya'yanki, Allah Ya ba su haƙurin jure wannan rashi. Manaja kam ban yi masa gaisuwa ba, domin shi bai yi rashi ba.