Yaya Inuwa da Ɓerayen Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya san Yaya Inuwa Mai Taswira ya san ba a gaishe shi yana tafiya. Ƙirga taku yake yi. Fensir a bayan kunne, leɓe yana motsi, daga ƙofar gidansa a Kura har ofishin ruwa. In ka ce masa "ina kwana" sai ya ɗaga maka yatsa ɗaya, ya kai inda za shi, ya rubuta adadin a tafin hannu, sannan ya waiwayo ya ce, "Lafiya lau, ya iyali?" Ai kuwa sau da yawa mai gaisuwar ya riga ya kai Bunkure!

Ni Habu, ƙanen matarsa ne, Yaya Ladi, don haka akwai wasa tsakaninmu. A ofishin aikin noman rani shi yake zana taswirar kanal, wato magudanan ruwa, da gonaki, ni kuma ina buɗe ƙofofin ruwa, ina ɗan taɓa tumatir a gefe. Kun sha jin ana cewa ya yi shekara biyu yana yaƙi da aljanu a ofis. To ba aljanu ba ne, ni ganau ne.

Cikin shekarun tamanin wani Bature injiniya ya gama aikinsa zai koma gida, ya bar wa ofis kwamfutarsa. Cikin fayafayan da ya bari akwai na wasa. Kada ku ɗauka irin na wayoyin yanzu ne. Baƙin gilashi ne da koren rubutu, sai wasu layuka da aka ce wai bango ne. Za ka haɗa mutum huɗu, su shiga wani rami mai hawa goma, kowane hawa ya fi na samansa mugunta, a can ƙasa kuma akwai wani azzalumin matsafi da za a kashe. Wasan ba ya nuna maka inda kake. Ko ka zana hanya da hannunka, ko ka ɓace. Baturen da kansa a hawa na huɗu ya haƙura.

Yaya Inuwa na jin maganar zana hanya ya gyara zama. Ya sa wa mayaƙan nan sunaye: shi ne mai takobi, Yaya Ladi mai magani, Jauro Bello, makiyayin da suke hira ranar kasuwa, mai baka. Ni kuwa ya ba ni ɓarawo, mai buɗe akwatuna.

Na ce, "Haba Yaya, duk cikin mutane ni ne ɓarawon?"

Ya ce, "Kai ka saba buɗe ƙofa. Ni ba da wata manufa na yi ba."

Kullum in an tashi aiki, tsakanin la'asar da magariba kafin a kashe janareta, yana gaban injin nan da ƙamus da tsofaffin takardun ofis, yana zane a bayansu. Na bar shi mako biyu na leƙa, na tarar yana kashe ɓeraye a hawan farko. Bayan wata guda na dawo, ɓeraye. Aka cire albasa, aka kai kasuwa, na sake leƙawa, wallahi ɓeraye!

Na ce, "Ga matakala can ka gano tun tuni, ka sauka mana!"

"Ba a kai ba tukuna."

"Wata huɗu fa, Yaya!"

Ya nuna min wasu lambobi a gefen gilashin. Ya ce kowane ɓera aka kashe, mutanensa suna ƙara ƙarfi ɗan kaɗan, kamar ɗigon ruwa. "Baturen nan gaggawa ce ta cinye shi. Ni sai kai ɗin nan ka iya kashe ɓera ba ka suma ba, sannan zan kai ku ƙasa."

Wata safiya ina gona ina ɗiban tumatir, sai ga shi tsaye a kan kunya, fuska ba walwala. Ya cire hula.

"Habu, sai haƙuri."

Na ce, "Innalillahi! Wa ya rasu?"

"Kai. Jiya, a hawa na shida. Akwati ka buɗe, ashe da guba."

Na jefe shi da ruɓaɓɓen tumatir, ya kauce. Amma shi da gaske abin ya dame shi. A dokar wasan, in mutum ya mutu za ka iya share sunansa ka ƙirƙiro sabo nan take. Ko kuma ka ɗauko gawar, ka hawo da ita hawa shida zuwa gari wurin mai tayar da matattu, da mutum uku kacal, kowane lungu da ƙwarangwal yana jira. Ya zaɓi ta biyun. Kwana goma sha ɗaya ya yi yana jan gawata. Da ya ba Yaya Ladi labari tana tankaɗe, ko kallonsa ba ta yi ba ta ce, "Da ka bar shi a can. Ko a nan ma me yake tsinanawa?"

Ya ce, "Ni na shigar da shi. Ba zan fito a tambaye ni ina ƙaninki in ce na bar shi a rami ba."

Na yi dariya a ranar. Amma na koma gona ina ta juya maganar, don na san ko ramin gaske ne haka zai yi.

Ana nan sai aka turo wani matashin injiniya daga Kano duba ƙofofin ruwa. Ya yi karatu a waje, ya san wasan. Ya ga tarin taswirorin nan ya riƙe baki.

"Malam, ai ba sai ka sha wannan wahalar ba. Akwai dabara. In ka zare faifan daidai lokacin da yake ajiya, ka mayar, ƙarfin mutanenka zai ninka. Minti biyar ka gama."

Yaya Inuwa ya dube shi ta saman tabarau. "Injiniya, manomin da ya fasa gefen kanal ya sha ruwa kafin layinsa ya zo, me kuke kiransa a takardunku?"

"Ɓarawon ruwa."

"To ɓarawo ɗaya gare ni a tawagar nan, kuma shi ma ina sa masa ido."

Sai da ya kai hawa na tara, saura kaɗan ya cika shekara biyu, takarda ta zo cewa za a mayar da kwamfutar babban ofis nan da kwana goma. Yaya Inuwa ya karanta takardar. Na ce masa yanzu kam ai sai a ruga ƙasa, ko a ci ko a mutu. Ya kunna injin, ya juya da mutanensa sama. Sama fa! Ya koma hawa na bakwai yana farautar wasu ƙattin gizo-gizo. Kwana takwas yana abu ɗaya. Ni da ba wasana ba har abinci ya daina yi min daɗi. Rana ta tara ya sauka hawa na goma ya zana shi kaf, ya tsaya a bakin ƙofar matsafin, ya kashe injin ya tafi masallaci.

Rana ta goma direba ya iso da mota tun azahar. Yaya Inuwa ya aika aka sayo wa direban fura da nono, ya ce ya zauna a inuwa ya huta, hanya ba ta gudu. Muka taru a bayansa, har da masinja da mai gadi. Ba abin da ake gani sai rubutu yana hawa, yana fassara mana: an ƙone Jauro, Ladi ta warkar da shi, takobi ya kuskure, ya sake kuskurewa. Mai gadi sai salati yake. Lambar ƙarfin Yaya Inuwa ta yi ƙasa har saura ƙiris. Can sai ya karanta wani layi, ya sake karantawa, ya kwashe da dariya har da hawaye.

"Habu! Kai ka kashe shi! Ta baya ka soke shi, ɗan banza!"

Abin da ya biyo baya layi uku ne na Turanci: an gode, ƙasa ta zauna lafiya, ko kana so ka sake daga farko? Ko kiɗa babu. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya tattara taswirorin ya ɗaure da zare, ya miƙa wa direba, ya ce a ajiye tare da injin don wanda zai gaje shi. Amma na ga ya zare guda ɗaya ya ninke ya sa a aljihu.

"Wannan fa?"

"Ta hawa na goma ce. Wannan kam, wanda zai gaje ni ya nema da kansa."

Shekaru da yawa bayan haka, da ciwo ya kwantar da shi, ina zuwa in zauna a gefen tabarmarsa da hantsi. Wata rana na tsokane shi, na ce shekara biyu cur a kan layi uku, bai yi da-na-sani ba? Na zaci zai rama da wasa. Sai ya ce, "Habu, ka tuna shekarar da tumatirinka ya ruɓe a bakin titi, ba mota? Wata huɗu kana cikin taɓo, ya tafi a banza. Haka na ga manoma suna yi duk tsawon aikina, ina zana musu gonaki. A cikin akwatin nan kaɗai na ga wurin da ba a zubar da wahalar mutum. Ko ɓera ka kashe, an rubuta maka."

Na gyara masa matashin kai.

Allah ya ji ƙan Yaya Inuwa, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya sa ya tarar an rubuta masa duk wata wahala da ya sha domin mutane, har wadda shi da kansa ya manta. Amin.