Sunan Ɗan Fari

Shekarar da mahaifiyata ta dawo wurina a Edmonton ta ƙasar Kanada, hukumar gari ta sa ta ajin koyon Turanci. Ta riƙe karatun da gaske, don tana so ta riƙa ganin likita ba da tafinta ba. A ƙarshen zango wata jami'a ta zo auna yadda ɗalibai ke sajewa da mutanen gari. Wanda ya gamsar da ita zai wuce aji na gaba. Na raka Inna, aka ce kada in sa baki.

Da aka tambaye ta, Inna ta faɗi unguwarmu da bas ɗin da take hawa. Sai jami'ar ta nuna ni, ta tambaye ta sunana. Ni ne ɗan fari, a gidanmu kuwa uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Inna ta sunkuyar da kai. Aka maimaita tambayar a hankali, ta yi shiru. Jami'ar ta ɗauka ba ta gane ba.

A bas na ce, "Inna, da kin faɗa kawai."

"Na ji ta sarai," ta ce, tana kallon taga. "Don aji zan kama sunanka?"

Haka ta maimaita ajin.