Jinyar Karen Bature a Wurma

Har gobe ban manta ranar da aka tsayar da allurar shanu a Wurma saboda kunnen kare ba. Lokacin saura kaɗan Turawa su tafi, ina ƙaramin malamin dabbobi a Dutsin-Ma. Aikinmu da kaka shi ne mu kafa sansani, Fulani su koro shanu, mu yi musu rigakafi, mu tsaga kunne don shaida.

Shugabanmu Bature ne, yana da wani kare mai suna Sarkin Yaƙi. Naman gwangwani yake ci, a kan bargo yake kwana, kuma bai taɓa yaƙi da abin da ya fi ƙadangare ba. Ran nan ya ga karen Ardo Buba, wani ramamme da ke kwance gefen maruƙa, ya ga ai ga talaka, ya afka masa. Kafin mu raba su, kunnen Sarkin Yaƙi na reto, shi kuma na Ardo an yage masa cinya.

Bature ya ce a ajiye allura. Shanu suka tsaya cikin rana, mu kuma muka duƙufa kan babban majinyaci. Na ɗaure masa baki, na aske gashin wurin, na wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, na shafa maganin aidin, Bature ya ɗinke da kansa yana ba shi haƙuri. Na yi shekaru ina masa aiki, ban san ya iya ba da haƙuri ba sai ranar.

Doka ita ce, kare in ya yi cizo, a ɗaure shi na wasu kwanaki a ga ko hauka zai bayyana. Aka ɗaure na Ardo a gindin marke.

Ardo ya ce, "Malam, tambayar mani shi, nashi da ya fara cizon fa?"

Na tambaya. Bature ya ce nasa ɗan gidan mutunci ne.

Na ce, "Ranka ya daɗe, cinyar wancan fa?"

Ya ce maganin gwamnati ba na karnukan daji ba ne. To, gishiri dai ba na gwamnati ba ne. Ni da Ardo muka riƙa wanke ciwon safe da yamma, yana riƙe kan karen, yana yi masa magana da Fillanci, muna korar ƙudaje kada tsutsa ta shiga.

Ardo ya yi ta roƙo a sake shi, don shi ke gadin maruƙa. Aka ƙi. Kafin wa'adin ya cika, kura ta shiga ruga ta ɗauke maraƙi. Da safe Ardo ya zo da abin da ta rage, ƙafa ɗaya, ya ajiye gaban tantin Bature.

Ya ce, "Malam, gaya mashi an gama bincike. Karena lafiya lau, maraƙin ne ya kasa."

Bature ya yi ja har wuya, ya ce a kwance karen. Karen ya tafi yana ɗingishi bayan Ardo. Sarkin Yaƙi kuwa ya ɓarke ɗinkinsa da susa, aka kai shi Katsina a gaban mota, ni ina baya tare da tukwane.

Ku yaran yanzu masu koyon aikin dabbobi ana koya muku ku fara duba zurfin rauni. Mu a zamaninmu mun fi ku ilimi: mai dabbar muke fara dubawa.