Ƙwan Zabuwar Gwaggo Rabi

Daminar da aka ce Nasara sun bar mana ƙasarmu, ina aji biyu a lakol, wato makarantar boko, ta Gangara. Bayan isha'i kakata Iya Hajo takan hura wutar kara a bakin ɗakinta, ta ɗora ɗanyen ganye don hayaƙi ya kori sauro, mu jikoki mu kewaye ta. A makon nan ni na kasa zama wuri guda. Na tsinci sheƙar zabuwar maƙwabciyarmu Gwaggo Rabi a cikin geronsu, na kwashe ƙwan, na sa wa kazata ta kwanta a kai. Ko tari wani ya yi, sai in ji kamar sunana zai kira.

"Ga wata nan ta iso," in ji Iya, tana buɗe tatsuniya.

"Ta shigo mu gani," muka ce.

Wai tunkiya ce ta biyo garken wani mutum har gida. Bai kai ta wurin mai gari ba, bai sa an yi cigiya a kasuwa ba. Shekara uku tana wurinsa, ta haihu ta ƙara. Ran nan mai ita ya gane tsagar kunnenta. A gaban mai gari mutumin ya rantse bai taɓa sata ba, ita ta zo da ƙafarta. Iya ta kumbura murya irin ta mai gari: "Na yarda ita ta zo. Shirun shekara uku fa, ita ta yi?" Dole ya mayar da ita da ƴaƴanta duka.

Yara suka yi dariya. Na ce, "Iya, in ƙwai ne fa?"

Ta ci gaba da tona wuta. "Ƙwai ba ya biyo mutum gida, ƴar nan. Tun shekaranjiya nake mamakin kazarki mai ƙwai ɗigo-ɗigo."

Da safe ta tasa ni gaba. Gwaggo Rabi ta tambaye ni nawa na ɗauka, na ce bakwai. Ta ce in an ƙyanƙyashe huɗu nata, uku ladan kazata. Haka aka yi, magana ta wuce a wurin kowa, ban da ni.

Takwas na ɗauka. Ɗaya ya fashe a zanena a hanya, na tura masa ƙasa da ƙafa. Gwaggo Rabi ta rasu kafin in yi aure. Na sha yin sadakar ƙwai da sunanta, har malamin unguwarmu ya ce ya isa haka. Amma ba ƙwan ne ke damuna ba. Tana murmushi ta tambaye ni, kuma da na ce takwas, ba abin da za ta yi mini.