Ƙodar Hafsatu

Har gobe ba na manta ranar da na hana a binne ƙoda. Mulkin farar hula ya dawo ke nan, Abuja ko'ina gini ake, ni kuwa ƙaramar likita ce a ɗakin binciken tsoka. Aikinmu, duk abin da aka ciro daga jikin mutum mu jiƙa shi a magani, mu yanka siriri, mu duba a madubin likita mu faɗi ko mene ne.

An cire wa wata yarinya 'yar shekara uku, Hafsatu, ƙodar hagu saboda ƙari. Da rana sai ga ubanta, Alhaji Sabo, babban dilan siminti a Dei-Dei, riƙe da farin ƙyalle, shugaban sashenmu na gefensa.

"Likita, ba shi kayansa," in ji oga. "Jikin ɗan Adam ne, binnewa zai yi. Ai mun ga ciwon a hoto."

Raina ya ɓaci. Wato don mutum yana da siminti sai a yi wa 'yarsa magani da ka? Na ce, "Yallaɓai, ba zan bayar ba."

Na juya wajen uban. "Alhaji, ƙarin ƙodar yara ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai jin magani, akwai mai taurin kai, kuma hoto ba ya rarrabe su. In ka binne ta yau, da amsar ka binne."

"'Yata, bai halatta a bar ta a bokiti ba."

"Ni ma Musulma ce. Kaɗan zan ɗiba, sauran da hannuna zan naɗe maka."

Oga ya ce zai ba ni takardar tuhuma. Na miƙa masa birona. Alhaji ya ajiye ƙyallen a teburina ya ce, "Amana ce."

Sakamako ya fito, mai taurin kan ne. Da an bi hoto, da sassauƙan magani za a ba ta. Aka ƙara masa ƙarfi, ta sha wuya, ta tashi.

Ku likitocin da kuke tasowa, mutanenmu ba ƙin ji suke ba, mu ne muke ƙyuyar yin bayani. Na cika wa Alhaji alkawarinsa, ya kai sauran ƙodar maƙabartar Tungan Maje ya binne. Farin ƙyallen nan, ƙoda kaɗai ya naɗe.