Almakashin Malam Ba'adi

Godiya ta tabbata ga Wanda ya ba ɗan Adam jiki mai zama wuri ɗaya, sannan ya jarrabe shi da zuciya mai yawo.

A ƙarshen wani layi, tsakanin mai gyaran takalma da mai sayar da kwanuka, akwai shagon wani tela da duk unguwa ke kira Malam Ba'adi. A masallaci ya samo sunan. Wanda ya yi rafkanuwa a salla har ya kasa tantance raka'o'in da ya yi, hukuncinsa ya ɗauki mafi ƙaranci ya cika, bayan sallama ya ƙara sujada biyu, su ake kira ba'adi. Sauran jama'a jefi-jefi suke yin ta. Shi kuwa tela, ta zame masa kamar maɓallin ƙarshe na riga, salla ba ta rufuwa sai da ita. Da a ce yana samun jam'i tun daga farko, da liman ya ɗauke masa nauyin mantuwarsa. To amma kullum akwai wani ɗan ɗinki da zai ƙarasa, sai ya iso a makare, liman ya sallame, shi ya miƙe ramuwa, a nan lissafi yake kwance masa.

Ya shiga shagon tun ƙafarsa ba ta kai matakin keke ba, ya gaji keken da teburin yanka da wani babban almakashi mai baƙin mariƙi daga mahaifinsa. A nan ya yi gemu, a nan gemun ya yi furfura, 'ya'yansa suka girma kowa ya kama gidansa. Ba a taɓa jin ya ci ƙyallen wani ba. Ƙarya ma ba ya yi, in ban da irin ta ranar karɓar ɗinki, wadda teloli ke kyautata zaton an yi musu rangwame a kanta.

Aibinsa ɗaya ne, shi ne abin da malamai ke kira gafala: zuciyarsa ba ta zama inda jikinsa yake. In yana taka keke, hankalinsa na kasuwar yadi. In yana cin abinci, hankalinsa na kan keke. In kuwa ya ɗaga hannu ya kabbara, nan ne wuyan rigar da ya gagare shi tun safe yake zuwa ya warware kansa daki-daki.

A gida yana da kalmomi biyu da ya ɗora wa aikin sauraro, su ne "to" da "madalla". Maiɗakinsa mace ce mai son hira, ta shekara da shekaru tana zuba masa labari yana jefa su a inda ya ji ta numfasa. Ranar da ta gaya masa rufin maƙwabta ya rufta, cewa ya yi madalla. Ta yi dariya a lokacin, ta ba ƙawayenta labari. Sannu a hankali dariyar ta ƙare, hirar ma ta bi ta. Gidan ya yi tsit, shi kuwa bai lura ba, don dama ba a gidan hankalinsa yake kwana ba.

Wata rana da hantsi ƙanin matar, wanda direba ne, ya leƙo shago ya jingina da ƙofa.

"Mijin Yaya, barka da aiki. Na zo ne in ji, ranar asibitin nan za ka rufe shago ka bi mu, ko ni kaɗai zan kai ta?"

Tela ya tsayar da keke. "Wane asibiti?"

Direba ya dube shi, ya tuntsire da dariya har da dafa gwiwa. "Wallahi haka ta ce za ka ce! Ta ce ta gaya maka da bakinta, ka ce mata madalla."

"Kai, bar wasa. Me ke damunta?"

"A'a, ni ba ruwana. Ta rantsar da ni. Ta ce wanda aka gaya wa bai ji ba, kada a wahalar da kunnensa. Sai an jima, a gai da allura."

Da azahar ya koma gida, ya tarar da ita a tsakar gida tana shanya.

"Uwar yara, wai asibiti za ki? Me ya same ki?"

"Na faɗa, Malam."

"Sake faɗa mini."

"Na faɗa kana cin abinci, na sake kana sa takalmi. Ka sa albarka, ka ce madalla. Ai magana ta ƙare. Ƙanena zai kai ni, kai ka ji da rigunan mutane."

Ba faɗa a muryarta, abin da ya fi tayar masa da hankali ke nan. Ya tsaya a tsakar gida yana jin kansa kamar baƙon da ya ɓata ƙofa. Matar da suka tsufa tare za ta shiga hannun likitoci, wani ne zai riƙe mata jaka, shi ko sunan ciwon bai sani ba.

Bayan la'asar, da ya kammala ba'adinsa, ya tsaya wurin ladan, wani tsoho abokin mahaifinsa, wanda ya yi karatu mai zurfi amma ya zaɓi tsintsiyar masallaci a kan kujerar wa'azi. Ya kwashe labari ya gaya masa, ya roƙi a ba shi wata addu'a da za ta sa mace ta yi magana.

"Wannan addu'a ban taɓa jin mai nemanta ba sai kai," in ji ladan. "Ɗana, ba bakinta ne ya rufe ba, kai ne ba ka gida. Ka taɓa zama wuri ɗaya kai da zuciyarka, ko sau ɗaya a yini?"

"Anya kuwa, Baba."

"Yi tunani. Babu wani aiki da in kana yin sa ba ka jin ko kiran sallata?"

Tela ya ce, "Sai dai in zan yanka yadin mutane. Ɗinki in ya karkace a farke shi, yanka kuwa ba ya komawa. In na ɗora almakashi a kan layin alli, nakan ja numfashi, in yi bisimilla, daga nan ba na ganin komai a duniya sai layin."

"To ashe kana da abin, ka ɓoye shi a shago. Wannan shi malamai ke kira halartar zuciya, wasu sun bar garuruwansu don nemansa. Ka ɗauki kowace kabbara kamar yanka, ka ɗauki maganar iyalinka kamar yadin da ba naka ba. In za ka yi alwala, ka ji sanyin ruwan a hannunka. In kana tafiya, ka san ƙafarka ta taka ƙasa. Zuciya za ta gudu, ɗabi'arta ce. Kada ka zage ta, ka kamo ta a hankali ka dawo da ita. Dawo da itan shi ne aikin."

Tela ya karɓi wannan magana da hannu biyu, sai dai ya karɓe ta a matsayinsa na tela. Ya gwada wajen alwala, kafin ya kai gwiwar hannu zuciyarsa ta tafi sayen zare. Ya gwada a hanya, ya wuce ƙofar shagonsa bai sani ba. Amma da ya ɗauki almakashin mahaifinsa, ya zura yatsunsa a mariƙin, sai ya ji komai ya lafa. Ya ji fitar numfashinsa, ya ji ƙarar gudumar maƙwabcinsa ɗaya bayan ɗaya. Nan take ya yanke hukunci cewa sirrin a jikin ƙarfen yake.

Washegari ya tafi masallaci da almakashi a aljihu. Ƙarfen ya fi aljihun tsawo, bakinsa ya huda ƙasan ya leƙo. Wanda ke damansa a sahu ya dubi abin, ya ɗan matsa, na hagu ma ya matsa, har liman ya waiwayo ya ce a cike gurbi. Ladan ya gani, ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ya bar shi ya ƙarasa karatunsa da kansa.

Da yamma, rana na shirin faɗuwa, ya shiga gida ya tarar da maiɗakinsa zaune a kan tabarma a bakin ƙofar ɗaki. Ya zauna daf da ita, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya zaro almakashi, ya zura yatsu, ya ja dogon numfashi, ya yi bisimilla a bayyane, ya kafe ta da irin kallon da yake yi wa yadi mai tsada.

Ta ja baya. "Innalillahi! Malam, lafiya?"

"Lafiya lau. Yi magana, ina saurare."

"Da wannan abin a hannunka? In aski ka koma koyo, ba a kaina ba."

"Natsuwa ce, uwar yara. Baba ladan ne ya koya mini."

"Baba ladan ya ce ka zo ka tsare matarka da almakashi? Bawan Allah, an yi masa ƙage da tsufansa. Kawo nan kafin maƙwabta su leƙo."

Ta miƙo hannu za ta karɓa. Hannun ya wuce ta gefen ƙarfen ya kama iska. Ta ɗan karkata kai, ta juyo da gefen hagu na fuskarta, ta laluba, sannan ta kama shi.

A wata ranar da ba wannan ba, da tuni hankalinsa ya tafi shago. Amma yau yana nan, ya gani. Almakashin ya bar hannunsa, natsuwar ba ta bi shi ba. Idonsa ya sauka a kan bakin mayafinta, wanda ta kalmashe da hannunta. Ita da ɗinkin hannunta ya fi na kekensa miƙewa, ga shi ya karkace, wani taku dogo wani gajere. Ya tuna sau nawa a 'yan watannin nan ta miƙo masa allura ya zura mata zare, yana zurawa yana tunanin wani abu. Ya ɗaga kai ya dubi fuskar da ya daɗe yana zaton ya haddace. A tsakiyar idonta na dama akwai wani fari-fari kamar hazo.

"Idon dama ne," ya ce a hankali. "Tun yaushe?"

Ta shiga juya almakashin a cinyarta. Ya jira ta. Zuciyarsa ta yunƙura za ta tafi wajen wani wando da ya yi alkawarinsa, ya kamo ta ya zaunar.

"Ya daɗe," ta ce. "Yanar ido ce ta rufe shi. Likita ya ce za su cire, wai aiki ne mai sauƙi, yini ɗaya a sallame ni."

"To" ta zo masa har leɓe, ya haɗiye ta. Sai ya ji abin da ke ƙarƙashin maganar, don muryarta ta ɗan yi rawa a wajen "mai sauƙi".

"Tsoro kike ji."

"Wa zai kai wa idonsa wuƙa bai ji tsoro ba? Kuma sun ce ido biyu za a yi, ba barci, ina ji ina... to, ba na ce ina gani ba." Ta yi 'yar dariya, ta share gefen ido da mayafi. Daga nan magana ta ɓalle. Ta gaya masa yadda take zuba ruwa a gefen kofi, da yadda ta gaisa da wata baƙuwa a kan hanya tana zaton 'yarta ce, da yadda ta daina karatun Alƙur'ani ko da rana sai abin da ta haddace. Yana ji, bai katse ta ba, har aka kira magariba. Ranar ma a makare ya je masallaci, amma ladan da ya dubi fuskarsa bai tambaye shi dalili ba.

Ranar aiki ya rufe shago. Direba ya kawo mota, ya miƙa hannu zai ɗauki jaka, ta ce, "Bar wa Malam." Direba ya ce, "Allah mai iko, mijin Yaya ya dawo daga tafiya!"

A asibiti ya zauna a kan benci a wani dogon baranda, hannunsa wayam, don ta hana shi fitowa da ƙarfen. Yana tasbihi yana bin numfashinsa. Wani ma'aikaci ya wuce da riga wadda aka ɗora wa wuya a karkace, zuciyar tela ta bi shi har ƙarshen baranda tana farke ɗinkin. Ya lura, ya yi murmushi, ya dawo da ita bakin ƙofar da matarsa ke ciki. Haka suka yi ta yi shi da ita, tana fita yana kamowa, har aka buɗe ƙofar.

Sunan dai bai bar shi ba, kuma har yau yakan yi ba'adinsa, ko da yake masu lura sun ce ta ragu. Almakashi ya koma kan teburin yanka, inda ya dace da shi.

Da suka koma aka cire mata bandeji, ta ƙifta ido, ta dubi taga, ta dubi likita, sannan ta juyo ta ƙare wa mijinta kallo daga hula har takalmi.

"Malam," ta ce, "ashe da yagaggen aljihu kake yawo cikin mutane, kai da kake tela? Ina ganinsa sarai, har zaren da ya zazzaro."

Ya saurara har ta kai ƙarshe, ya tabbata ya ji kowace kalma. Sannan ya ce, "Madalla."